Irin Gyaɗata a Kumatun Gafiya

Shekarar da kumandan, Baturen mulki na Magariya, ya matsa wa mutane da rumbun tsimi, inda ake tilasta wa kowa tara amfanin gona, shekarata biyu ke nan a gidan miji, a wani ƙauye kusa da Guci. Gardi, dogarin kumandan, kan shigo gida-gida yana leƙa rumbu, abin da idonsa ya gani kuwa ya tafi ke nan. Ni duk dukiyata tiya huɗu ce ta irin gyaɗa da zan shuka a gayaunata. In ta salwanta, damina za ta wuce ni ina kallon gonakin mutane.

Uwar mijina ce ta ba ni dabara.

"Zuba ta a tulu ki liƙe baki, ki bizne cikin jujin lambu. Gardi mai farin wando ba shi taɓa juji."

Gaskiyarta, bai taɓa ba. Jujin nan kuwa ba abin da ba a zubawa: toka, kashin awaki, ɓawon kabewa, ruwan wanke-wanke, duk ana tarawa ya ruɓe a kai gona. Na yumɓe bakin tulun da laka, na tura shi can ciki inda ɗumi yake, na dawo ina jin kaina mai wayo.

Ruwan shuka ya sauka wata safiya. Na ɗauki fartanya na nufi lambu, ina tono ina toshe hanci da bakin zane. Da na kai ga tulun sai na tarar lakar ta jiƙe ta zube, bakinsa a buɗe. Ban tsaya dubawa ba na zura hannu har gwiwa. Abin da na taɓa mai laushi ne, mai ɗumi, kuma yana motsi. Na fizgo hannuna da 'ya'yan gafiya biyu jajaye, ko gashi babu, ɗaya maƙale da ɗan yatsana. Zarnin fitsari ya bugi fuskata.

Uwarsu ta fito daga ƙarƙashin tulun, ƙatuwa kamar mage, kumatunta a kumbure. Ihuna ya kawo uwar mijina da taɓarya, bugu ɗaya ta gama da ita.

Na juye tulun. Ɓawo ne da kashi da tsumma, sai gyaɗa 'yar kaɗan da ta yi baƙi. Na zauna a kan jujin na fashe da kuka, ina zagin gafiya, ina zagin gardi, a zuci har da mai ba ni shawara.

"Tashi, ɗiyata, kuka ba shi tsiro," in ji ta. "Gafiya ba ta cinyewa, ɓoyewa take. Bi raminta."

Na bi ramin da hannu, ina yakuto ƙasa mai wari, ina tsince gyaɗa ɗaya-ɗaya daga cikin kashinta. Zuwa azahar na haɗa abin da bai cika tiya ba. Na tashi zan tafi, tsohuwar ta nuna mushen da ƙafa.

"Saura na bakinta."

"Inna, wannan kam ba ni iyawa."

"To bar wa angulu, ita ta shuka miki."

Na durƙusa na buɗe bakin da tsinke, na sa yatsa na ƙwaƙulo su, sun yi yauƙi da miyau da jini. Goma sha ɗaya ne. Na yi amai a gefe, na share baki, na zuba su cikin sauran.