Kujerun Aro a Ɗakin Ƙanwata

Ƙanwata tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi a unguwar Krofrom, shekara talatin ke nan ko fiye. Ita ta riƙe jikarta tun yarinyar tana rarrafe, bayan ɗanta, uban yarinyar, ya rasu a hatsarin mota, uwar kuma ta yi wani aure ta koma arewa. Yarinyar ta tashi da kaifin ƙwaƙwalwa. Da ta gama sakandare jami'a ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna, sai dai kuɗin da ke jikin takardar, ko an sayar da tukunyar koko da teburin da rumfar, ba za a haɗa rabinsa ba.

Yarinyar da kanta ta gano wata gidauniya mai biya wa ɗalibai masu ƙoƙari waɗanda gidansu babu hali. Ni ta zo ta ɗauka mu cike fom, don ni ne ake kira mai ido a danginmu. Na yi fataucin goro har Kano da Yamai, na yi shekara tara a Abijan, na zauna Khartum, na zauna Jidda. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ga Tuwi, yaren Asantawan da muke zaune a ƙasarsu, da na tashi a cikinsa. Abin da ban dawo da shi daga yawon nan ba shi ne dukiya, amma wannan ba kowa ya sani ba a Zango, unguwarmu ta Hausawa. Babbar riga tana rufe abu da yawa.

Mun je wani shagon kwamfuta a Ayigya, kusa da jami'a. Tana bugawa, ina karanta mata tambayoyin da ƙarfi.

"Tsoho, Turancinka na zamanin fam da sule ne," in ji ta. "Bari na karanta da kaina."

"Ke amaryar da ba ta iya tuƙa tuwo ba, har kin samu bakin magana?"

Sun nemi sakamakon jarrabawa, da takardar gurbin jami'a, da shaidar mutuwar uba. Wannan ta ƙarshe ta ba mu wuya, domin mun binne shi kafin la'asar ranar da aka kawo shi, babu wanda ya tuna da wata takarda. Sai da liman ya rubuta mana wasiƙa, muka je kotu ƙanwata ta yi rantsuwa. Akwai kuma fili inda aka ce ɗalibi ya bayyana halin gidansu. Yarinyar ta rubuta cewa wasu ranaku kokon da ya yi kwantai shi ne abincinsu. Na sa ta goge.

"Wannan ba a faɗa," na ce.

"Ai shi suke tambaya, Kaka."

"Goge."

Ta goge.

Bayan makonni aka bugo mata waya cewa mutum biyu za su zo su ga gidan ranar Asabar. Kalma ɗaya na ji a cikin saƙon, baƙi. Ɗakin ƙanwata ciki ɗaya ne a gidan haya na mutane da yawa, tabarma da katifa da akwatin ƙarfe, da roba a kusurwar da rufi ke yoyo. Na ce ba za a shigo da baƙi nan a haka ba ina raye. Na ɗauko dardumar da na zo da ita daga Jidda, abu ɗaya mai daraja da ya rage mini. Telan da ke ɗakin gaba ya ba da kujeru biyu masu laushi da fanka. Matar mai gidan ta ce a kai talabijin ɗinta, ta kuma ara wa ƙanwata leshi da 'yan kunne. Babu wanda aka roƙa sau biyu. Haka Zango take, baƙon ɗaki ɗaya baƙon gida ne gaba ɗaya. Aka yanka kaza, aka sayo lemo mai sanyi.

Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ana shigar da talabijin.

"Kaka, mutanen nan fa ba biki suka zo ba."

"Ko bara za ka yi, ka wanke fuska," na ce mata. Na ɗauka na faɗi magana.

Suka zo, wata dattijuwa Ba'asantiya mai gilashi da wani mutum riƙe da fayil. Na tarbe su cikin shaddata mai aiki, na yi musu maraba da Tuwi, na juya Turanci, har na sako labarin Abijan ba tare da an tambaye ni ba. Matar tana tambaya, ƙanwata tana amsawa. Ciniki fa? Alhamdulillahi. Abinci yana isa? Mun gode Allah. Akwai masu taimaka muku? Ƙanwata ta nuna ni, ta ce ga yayana nan, Allah Ya bar mana shi. Mutumin ya dubi talabijin, ya dubi darduma, ya dubi rigata, ya yi rubutu. Suka ci kaza, suka yaba, muka raka su har titi. Na koma gida ina jin mun fita kunya.

Amsar da ta zo gajera ce. An ce ƙoƙarin yarinyar ba abin shakka ba ne, amma an ga akwai waɗanda suka fi ta bukata. A ƙasa an rubuta cewa wanda yake ganin an yi kuskure yana da mako biyu ya zo ya yi bayani. A wurin koko yarinyar ta nuna mini, hannunta da ƙullun ƙosai. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tsokane ni ba, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

"Sun yarda da abin da muka nuna musu," ta ce, ta juya ta ci gaba da suya.

Na daɗe ina juya abin. A Khartum na ga ana fito da tiren abinci kan titi da azumi, kowa ya zauna ya ci, ba a san mai shi da marar shi ba. A Jidda na ga ana ajiye buhun shinkafa a ƙofar mutum a tafi kafin ya buɗe. A nan Zango ma haka iyayenmu suka yi. Duk inda na zauna, mai bayarwa ne yake neman mabukaci a ɓoye, mabukaci kuma aikinsa ya rufe. Wannan tsarin daban ne. Masu nema sun yi yawa, masu bayarwa ba su san kowa ba, dole ka ɗauki rashinka da hannunka ka kai, da shaida da hatimi. Ban ga laifinsu ba. Harsuna biyar a bakina, amma ban fahimci tambayar da aka yi mana ba, yarinyar ce ta fahimta, ni kuma na rufe mata baki.

Kafin na je wurin mutanen gidauniyar, sai da na nemi izinin ƙanwata, domin asirinta ne zan buɗe. Ta daɗe tana goge tebur.

"Yaya, za ka ce musu 'yan kunnen ma na aro ne?"

"Zan ce."

"To naka fa?"

Ta san inda gizo ke saƙa. Na ce nawa ma zan faɗa.

Na je ofishinsu da tsohuwar jallabiya, na sami dattijuwar nan. Da Tuwi na yi mata magana, don Turanci yana sa ni alfahari. Na lissafa mata kayan da masu su. Na gaya mata zancen kokon kwantai da wanda ya sa aka goge shi. Sannan na ce Alhajin da kuka gani da babbar riga, ɗansa ne yake biya masa kuɗin ɗaki a unguwar Sofoline, wani watan ma da ƙyar. Ban taɓa furta wannan ga wani mahaluƙi ba. Ta cire gilashi, ta ce, "Papa, wannan ba shi ne karo na farko da Zango ta yi mana haka ba. Amma ban iya rubuta abin da ban gani ba. Zan dawo, kuma ba zan faɗi rana ba."

Ranar wata Talata ta zo, bayan an sha ruwan sama, ita kaɗai. Ina wurin bisa katari. Robar tana kusurwa ta kusa cika. Ƙanwata ta miƙe a ruɗe tana kwance bakin zane za ta aika a sayo lemo, yarinyar ta riƙe mata hannu, ta ce, "Mma, zauna." Matar ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Aka zuba mata koko a kofin silba, ta sha, ta yi tambayoyinta. A wannan karon yarinyar ce ta amsa, ƙanwata tana kallon ƙasa.

Sun biya kuɗin makaranta duka. Na masauki ba su biya ba, don haka kullum tana shiga tirotiro, motar haya, daga Krofrom, tana aji uku yanzu. Kowace shekara sai an sake cike fom, ita take cikewa, ba ta ƙara nemana ba.

Da labari ya bazu mata suka yi ta zuwa barka. Ƙanwata ta karɓa da godiya. Bayan sun watse muka rage ni da ita, na ce mata Allah Ya yi mana mafita. Ta ce haka ne. Sannan ta ce, "Amma baƙuwa ta zo ɗakina ta zauna a ƙasa, Yaya."

Washegari na naɗe dardumar na kai mata, na ce kyauta ce, ba aro ba. Ta karɓa ta sa a akwatin ƙarfe. Ta ce sai ranar da yarinyar ta gama za ta shimfiɗa.