Oba-oba da Sallar Baba a Tashar Funtuwa

Goronyo zuwa Gusau

Bayan sallar asuba munka bar Goronyo, ni da Baba, za mu Kaduna a cire mashi yanar ido. Likita ya yanke mana rana, in ta wuce sai bayan damina. Ummaru ƙanen maigidana, makanike ne a madatsar ruwa, ya ɗanƙa mani wani oba-oba, ɗan rediyon magana na hannu, da masu aikin dam sunka bar mashi. Ya ce, "Yana kamo maganar ma'aikatan jirgin ƙasa, ki san inda kuke. Amma ji kawai yake." Ina ɗaurin kaya, ban tsaya sauraren ƙarshen zancen ba.

A Achida Baba ya bugi jikin mota, direba ya tsaya, Baba ya sauka ya yi walaha. Haka munka saba. Munka sake mota a Sakkwato, munka kwana Gusau gidan wata ɗiyar Wurno mai tuwo.

Cikin jirgi

Da hantsi jirgi ya tashi. Na kunna abin nan, sai shuuu, sai muryoyi kamar daga rijiya, Hausa da Turanci a cakuɗe. Ni da na yi yaƙi da jahilci da goyo a baya, abin da na kama na riƙe. Amma wa ke magana? Da wa? Wani ya ce a buɗe hanya, wani ya ce a rufe. Na leƙa taga, ban ga ƙofa ba.

Funtuwa

Azahar ta same mu a nan. Na ji wata murya cikin oba-oba ta ce, "Ku zauna, sai na kudu ya wuce, da saura." Na ce, "Baba, sauka ka yi salla, an ce da saura." Na kai shi gindin dalbejiya, na daidaita mashi gabas, na koma cikin jirgi ɗauko buta ta biyu.

Sai jirgi ya motsa.

Ashe jirage da yawa ke magana a layi guda, wancan zancen da jirgin kaya ake. Na bugi bangon tarago kamar yadda ake wa mota. Ko gezau. Na danne oba-oba na kwarma ihu: "Kai direba! Ba ka da uba? Tsoho na salla!"

Wata Bayarabiya mai goro ta ce, "Mama, ba ya jin ki."

"Mi? Ni ina jin shi, shi ba ya ji na? Wane irin rashin kunya ne wanga?"

Dalbejiya na ƙanƙancewa, Baba na ruku'u. Makaho, ba tikiti a jikinshi, ba wanda ya sani a garin. Na tattare zane zan dira, mai duba tikiti ya tare ƙofa, na cakumi rigarshi har ta yage. Sai abin nan ya yi shuuu a hannuna: "Akwai wata mata tana tada hankali a tarago na baya. Ku gaya mata taragun auduga za mu ɗauko, yanzu za mu koma."

Tarago duka anka sa dariya. Na saki rigar, na ce, "To mi ya hana ku hwaɗi tun farko?"

Jirgi ya dawo da baya har gaban dalbejiya. Baba na zaune yana jan tazbaha. Ya ce, "Wanga direba ɗan halas ne, ya jira ni." Ban gyara mashi ba.

Komawa gida

Munka cimma ranar likita, aiki ya yi kyau. A dawowa na kashe oba-oba, na ɗaure gefen rigar Baba da zanena har Gusau.

Da munka iso Goronyo, kafin gida ya ce a kai shi bakin dam, wanda anka gina yana cikin duhun makanta. Ya daɗe tsaye, sannan ya ce, "Duk wanga ruwa, a gonata ta gero?"

Na gode wa Allah da ya maido mu mu biyu, na gode wa mutumin da na yaga wa riga.