Baba Us da Jikarsa Mai Kunne

Haihuwa da asali

An haifi marigayi, wanda ɗalibansa suka fi sani da Baba Us, a shekarar 1946, a wani ƙaramin gari da layin dogo ya raba gida biyu. Mahaifinsa ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, aikinsa shi ne bin ƙafafun jirgi ɗaya bayan ɗaya da doguwar guduma, yana bugawa yana kasa kunne, domin amon ƙarfen da ya tsage daban yake da na lafiyayye. Mahaifiyarsa kuwa ɗinkin hannu take yi a ƙofar ɗaki. Shi ne na uku cikin 'ya'ya shida, kuma shi kaɗai ya yi nisa a karatu. Surukarsa, matar autansa, ita ta tattara wannan tarihi daga bakin 'ya'yansa da tsofaffin ɗalibansa, domin 'yarta ta karanta in ta girma, ta san wane ne kakanta da abin da ya shiga tsakaninsu, mai daɗi da marar daɗi.

Karatu

Ya shiga firamare a 1954, a makarantar da ke harabar coci. A 1961 ya wuce kwalejin horar da malamai, ya fito ya koyar da lissafi na 'yan shekaru, kafin a 1968 dattawan ikkilisiyarsu su tura shi makarantar horar da masu hidimar bishara. A can ya gamu da Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi. Abokan karatunsa sun ce yawancinsu shan wannan darasi suke kamar maɗaci, shi kuwa har a layin abinci bitar kalmomi yake, har sai na bayansa ya zungure shi ya ce, "Malam, matsa gaba, Helenawa sun riga sun ci nasu."

Aiki

A 1972 makarantar ta riƙe shi malami, kuma a aji ɗaya mai tagogi uku da tsohon allo ya yi hidimarsa har ya yi ritaya a 2009. Yana da ɗabi'ar da kowane ɗalibinsa ke tunawa: in ya shigo aji sai ya ce a rufe littafi a buɗe kunne, ya karanta Nassi da ƙarfi sau biyu, sannan ya yarda a duba rubutu. Darasinsa na farko ga kowane sabon aji a kan kalma ɗaya yake, *us*, wato kunne da Helenanci, jam'inta *ota*. Yakan tuna musu cewa sau da yawa Almasihu kan rufe misalinsa da kira ga masu kunne su ji, alhali duk waɗanda ke zaune gabansa da kunnuwansu biyu suka zo. Ashe akwai wani ji da ake nema, wanda ba a gefen kai yake ba. Yakan kawo misali da mahaifinsa: fasinjoji ɗari sukan ji ƙarar guduma, mutum ɗaya ne ke jin tsagewar ƙarfe. Yawan maimaita wannan kalma ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Baba Us a bayan idonsa. Da labari ya kai gare shi bai yi fushi ba, cewa ya yi, "To, ko ba komai kalma ɗaya ta zauna muku."

Aure da iyali

A 1974 ya auri wata malamar firamare, wadda 'ya'ya da jikoki ke kira Inna. Allah ya ba su 'ya'ya biyar, ɗaya ya rasu yana ƙarami. Inna mace ce mai barkwanci, ita kaɗai ke iya katse shi in ya ɗauko bayani a kan tebur. Takan ce, "Malam, mun ji, mun kuma ji na ciki. Abinci na hucewa." Ta rasu a 2015, kuma tun daga ranar gidan ya yi masa faɗi. Da autansa ya yi aure a 2017, sai ya roƙe su su zauna tare da shi, suka amince, musamman da yake autan direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya. Matar autan tela ce, tana da shago a bakin titi, ba nisa da gidan.

Zama da jikoki

Bayan ritaya ya ɗauki wata ɗabi'a da babu wanda ya ɗora masa. Duk jikan da aka kawo gidan, da safe bayan wanka yakan karɓe shi, ya zauna a kujerarsa ta katako kusa da taga, ya kwantar da shi a hannun hagu, ya kai baki kusa da kunnensa, ya karanta masa aya da Helenanci sannan da Hausa. Yawancin jikokin kuka suke sa masa, ko su yi ta zillo har a karɓe su.

A 2019 aka haifa wa autan 'ya mace, ita kuwa ta bambanta. Takan kwanta lamo, ta kafe bakinsa da ido, ta ɗora ɗan hannunta a maƙogwaronsa, ko motar yashi ta wuce ba ta waiwaya. Murna ta cika tsohon. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ita ya ce, "Ɗalibai nawa suka wuce ta hannuna, ban taɓa samun mai sauraro irin amaryar nan tawa ba." Shi ya sa mata Mai Kunne, sunan ya bi ta har unguwa.

Uwar ta fara zargi tun kafin yarinyar ta cika shekara biyu, don ko "Mama" ba ta cewa, amma duk wanda ta gaya wa sai ya ce nauyin baki ne, ubanta ma haka ya yi. Wata safiya a 2021, ana cikin karatun, tayar wata babbar mota ta fashe daidai tagar. Tsohon ya zabura har tabaransa ya faɗi, uwar ta yar da kofi, yarinyar kuwa tana nan tana jiran bakinsa ya ci gaba da motsi. A makon aka kai ta asibiti, aka yi gwaji, likita ya ce da haka aka haife ta, kuma na'urar ji ba za ta yi mata wani amfani ba. Ya ba da shawarar a fara koya mata maganar hannu tun da wuri.

Saɓani

Marigayi bai karɓi wannan shawara ba. A ganinsa, koya mata maganar hannu daidai yake da yanke ƙauna. Ya shiga azumi, ya rame, ya daina kiran sunan da ya sa mata, ya koma cewa "yarinyar nan". Wata rana uwar tana shago, ubanta yana hanya, sai ya ɗauki yarinyar ya kai ta wani taron warkarwa da wani baƙon mai wa'azi ya shirya a fili. A can maza uku suka riƙe ta, aka tsiyaya mata mai, aka cusa yatsu a kunnuwanta ana tsawa. Ta dawo muryarta ta dushe, kunnen dama yana jini.

Surukar ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fuskarsa ba tun da aka kawo ta gidan. Ran nan ma durƙusawa ta yi, amma ta yi magana.

"Baba, ina kuka kai ta?"

"Addu'a muka je, 'yata."

"Wace irin addu'a ce ake dawowa da jini? Ku dube ta. Ko ɗankwali na ɗauko sai ta rufe kai da hannu."

"Kina so in zuba ido ta tashi ba ta taɓa jin Maganar Allah ba? Ni?"

"Ni dai ba wanda zai sake taɓa kunnenta. Ko ku, Baba. Ku gafarce ni."

Kafin yamma ta haɗa kayansu ta koma ɗakin da ke bayan shagonta. Dangi suka yi ta zarya, wasu suka ce ta yi rashin kunya, mijinta ya rasa inda zai sa kansa. Ba ta hana kowa zuwa ba, amma ba ta mayar da yarinyar ba, kuma ta sa ta a makarantar kurame.

Kusan shekara guda tsohon bai taka shagon ba, bai kuma iya zama a gida ba. Kullum da hantsi yakan sa rigarsa ta fita, ya zo ya zauna a bencin mai faci da ke tsallaken titi, daidai lokacin da ake dawo da yarinyar daga makaranta. Mai facin yakan tsokane shi: "Baba, kullum kuna nan, ba keke ba mota. Me zan liƙe muku?" Sai ya ce inuwar wurin ce ta yi masa. Daga can yake kallon uwa da 'ya suna hira da hannu a ƙofar shago, yarinyar tana dariya har tana buga ƙafa. In ta hango shi kuwa, sai ta ɓuya bayan keken ɗinki.

Komawa aji

A 2022, wata Asabar, surukar ta shiga ajin da makarantar kurame ke yi wa iyaye, sai ta tarar da shi a bencin baya, gwiwoyinsa sun tokare tebur, shi kaɗai namiji cikin mata. Bayan an tashi ta je ta gaishe shi. Bai dube ta ba, ya ce, "Rabin rayuwata ina koya wa 'ya'yan mutane cewa ba kunnen nama ake nufi ba. Ran da abin ya zo gidana, kunnen naman na bi da gudu. Ba na cewa ku dawo. Ki bar ni dai in zauna a nan."

Shi ne koma-bayan ajin. Sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwasa masa yatsu, ga shi ba ya iya yin alama ba tare da ya yi bayani da baki ba. Malamar, wadda ita ma kurma ce, ta gaji ta rubuta masa a allo: Baba, rufe baki, buɗe ido. Matan suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Bai taɓa fashi ba. Abin da ya sa a gaba shi ne ya iya ba jikarsa labari guda daga Nassi da hannunsa, kuma ya zaɓi labarin makiyayin da tunkiyarsa ɗaya ta ɓata.

Uwar ta fara barinsa ya zauna a ƙofar shago, bisa sharaɗin ba zai miƙa hannu ga yarinyar ba sai in ita ta zo. Ya kiyaye. Yakan zauna a kujerar masu jiran ɗinki, ya yi alamar gaisuwa daga nesa, ita kuma ta leƙo daga bayan labule tana kallon yadda yake kuskure. Wani lokaci takan gyara masa daga inda take, fuska a murtuke, kamar malamar da aka ɓata wa rai, amma ba ta matsowa.

Jinya da rasuwa

A farkon 2023 ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Surukar ta rufe ɗakin bayan shago ta koma gidan domin jinyarsa, ita ke dama masa abin sha, ita ke juya shi. Yarinyar takan tsaya a bakin ƙofa.

Wata safiya ya yi wa yarinyar alama da hannun hagu cewa yana da labari. Ya yi alamar makiyayi, ta gane. Ya zo kan tunkiya, alamar da aka koya masa kuwa hannu biyu take so, na daman yana kwance bisa bargo kamar ba nasa ba. Ya gwada, ya sake gwadawa, hawaye ya gangaro masa. Sai yarinyar ta tako, ta hau gadon, ta ɗaga mataccen hannun da nata biyu, ta riƙe masa shi yadda ya kamata har ya kammala alamar. Da ta gama ba ta sauka ba. Ta kwantar da kai a ƙirjinsa, kunnen daman a sama, dab da hannunsa mai rai. Ya dubi uwar da ke gefe, ya bar hannun inda yake, bai taɓa kunnen ba.

Tun daga ranar kullum da safe sukan ci gaba, kaɗan kaɗan, don yana saurin gajiya, ita kuma ba ta yarda a wuce wuri sai ta yi tambaya: wane launi ce tunkiyar, tana da uwa, wa ya bar ƙofa a buɗe. Sun kai inda makiyayin ya bar garke ya shiga duwatsu yana nema, sai ciwon ya sake bugunsa, bai ƙara ɗaga hannu ba.

Ya rasu a watan Maris na 2024, yana da shekara saba'in da takwas. An yi sujadar jana'izarsa a cocin da ya yi wa hidima, tsofaffin ɗalibansa suka ɗauki akwatin, aka binne shi kusa da Inna. Wata malamar makarantar kurame mai ji ta tsaya gefen bagade, a gaban jama'a, ta mayar da wa'azin duka zuwa maganar hannu, abin da ba a taɓa yi a wannan coci ba.

Ya bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya; mai bi mata, fasto; ta ukun, malamar makaranta; sai autan, direba. Ya bar jikoki goma sha ɗaya, ƙaramarsu ita ce Mai Kunne, wadda yanzu take koyon karatu da rubutu. Har yau takan tambayi uwarta ko an ga tunkiyar. Uwar ta san amsar, ta kuma iya alamar, amma duk lokacin da ta ɗaga hannu za ta yi, sai yarinyar ta kama hannun ta sauke, ta ce labarin Kaka ne.

Ubangiji ya ba shi hutawa.