Alkamar Madam Eleni

Wata Asabar ce cikin watan Maris na 1991, kwana talatin da tara da rasuwar Ummata, ina zaune a kicin ɗin Madam Eleni ina ɓare rumman. Ruwansa ya rine mini yatsu jawur, ita kuma tana bakin tukunya tana juya alkama. Shekarata tara. Ba zan ce ina baƙin ciki ba, don ko ranar da aka kai Umma ban yi kuka ba. Abin da aka sa ni shi nake yi, abin da aka ba ni in haɗiye, ban san daɗinsa ko rashinsa ba.

Madam Eleni ce mai gidan da muke haya a unguwar Stapleton, can ƙasar waje, tsohuwa 'yar ƙasar Girka, kullum cikin baƙaƙen kaya tun mutuwar mijinta. Mu a sama, ita a ƙasa. Baba direba ne a wani ofishin jakadanci, da sassafe yake bin jirgin ruwa ya tsallaka Manhattan, don haka in na taso makaranta wurinta nake sauka. In share matakala, in tsince wake, mu ninke wanki. Ladana shi ne wani tsohon gwangwanin biskit cike da hotunan garinsu. Ga ganuwa a kan dutse, wadda ta ce kowane sarki ya ci garin sai ya ƙara mata tsawo. Ga ruwa yana zubowa daga bakin zakin dutse, inda mata ke ɗiba suna gulma. Ga wani kangon dandali mai kujerun dutse hawa-hawa, na mutanen da, wai in ka ƙyasta ashana a tsakiyarsa na can ƙololuwa zai ji. A nan take kiwon awakin babanta tana yarinya. Ban taɓa iya faɗin sunan garin daidai ba, amma na fi sanin lungunansa a kan na Kano. A wurinta kaɗai ba a cewa in yi haƙuri.

Ita ta ƙirga kwanakin, ba mu ba. A garinsu, ta ce, ranar arba'in ana dafa alkama a raba wa maƙwabta, duk wanda ya ci ya roƙa wa mamaci gafara. "Wanda ba a dafa wa ba, kamar bai taɓa zama da mutane ba ne," in ji ta. Da na gaya mata mu ma muna sadakar arba'in, sai dai ba mai daka mana gumba a nan, ta ce to ai shi ke nan. Washegari Lahadi ta ƙi zuwa coci. Muka zuba alkamar a faranti, muka haɗa da rumman, muka lulluɓe da sukari. Sukan zana gicciye a sama su kai wa limaminsu, amma ta ce wannan ta Musulma ce, ba za ta fita daga gidan ba. Da zabibi na rubuta harafin farko na sunan Umma.

Da kanta ta hau matakalar riƙe da farantin, tana haki. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya ce, "Thank you, Mama." Da ta sauka ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya ce mini, "Hauwa, yau Lahadi, daga church wannan ya fito. Ki san yadda za ki yi da shi, kada ta gani."

Na san ba daga coci ya fito ba. Kalma biyar ta isa in fahimtar da shi. Amma bakina ya yi mini nauyi, kamar yadda ya yi tun watan Fabrairu, sai na ɗauka na sauka na zagaya bayan gidan na juye a durom ɗin shara. Da na ɗago, Madam Eleni tana tsaye a tagar kicin da tsumma a hannu. Na wanke farantin na ajiye mata a ƙofa, ban ji komai ba.

Litinin ta buɗe mini ƙofa kamar kullum, ta ba ni wake in tsince. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, gwangwanin ma bai sake saukowa daga saman kabad ba, har muka tashi daga gidan.

Yanzu 'ya'yana kan nuna mini irin waɗannan kangaye a waya, tar-tar, har da sunayen waɗanda suka gina su, amma ba awaki a ciki. Baba ya rasu bara. Ranar arba'in ɗinsa na yi waina na raba, na kuma dafa alkama 'yar kaɗan, na ci ni kaɗai a tsaye a kicin. Ashe daɗi gare ta.