Gaiwar Tsakiyar Tafki

A Isa kowa cewa yake fari ne ya tashi ƙauyen kawuna. Ba fari ba ne. Ƙauyen ya ga fari tun kafin a haife ni, bai tashi ba. Ni na san abin da ya tashe shi, don ina wurin.

Shekarar da na gama sakandare, damina biyu a jere ba a samu ruwan kirki ba. Innata ta ɗora ni bayan kabu-kabu da rabin buhun gero, ta ce in kai wa yayanta. Ƙauyen masunta ne can gaba da Burkusuma, a bakin wani tafki, inda hanya ta ƙare. Kawu shi ne sarkin ruwansu.

Ban tarar da tafki ba. Na tarar da fili, laka ta bushe ta tsattsage, jirage a kife, mutane kuma sun duƙa da hauya kamar masu tonon rogo. Kifi suke haƙa. Gaiwa, in ruwa ya janye, shigewa take cikin laka ta naɗe ta yi barci har ruwa ya dawo. Sai ka ga ɗan rami kamar na tururuwa, ka tona, ka ciro ta da rai. Sun tone ko'ina, ban da tsakiya. Nan kawu ya kewaye da ƙaya. Dokarsu ce tun kakanni: gaiwar tsakiya iri ce, ba a taɓa ta.

A gidansa na ga ɗiyarsa da jariri a cinya, yana tsotso ba abin da ke fita. Geron da na kai, gida shida aka raba wa. Ban iya haƙuri ba, ban taɓa iyawa ba. Na sami kawu ƙarƙashin tsamiya cikin maza, yana ɗinkin koma.

Na ce, "Kawu, abinci na kwance can ka sa mishi ƙaya?"

Ya ce, "'Yar boko, wanga ba abinci ba na. Baɗi ce."

"Wa zai kai baɗin? Kifi ya fi maka jikanka?"

Wani dattijo ya yi dariya, ya ce, "Sarki, yau ga alƙali an aiko muna daga Isa." Shi kaɗai ya yi dariyar. Sauran suka sunkuyar da kai, na gane duk abin da ke ransu ke nan, kunya ce ta hana su faɗi. Ni na faɗe shi a madadinsu.

Kawu bai ce a tona ba. Ya dai naɗe komarsa ya shiga gida. Da safe aka janye ƙayar. Kwana huɗu ƙauyen na ƙamshin kifi, ni ma na ci, har na ƙara. Jaririn bai kai kaka ba duk da haka.

Da ruwa ya dawo, tafki ya cika har gindin tsamiya. Gulbin da a da ke kawo mishi kifi ya daɗe da daina malalowa cikinsa, ba inda kifi zai fito. Suka yi ta jefa koma suna jawo ciyawa. Wata uku, suka fara ɗaure kaya, wasu Sabon Birni, wasu Maradi.

Yanzu kawu yana zauren gidanmu. Bai taɓa yi mini maganar ba. In baƙo ya tambaye shi abin da ya tashi ƙauyensu, sai ya ce, "Fari ne," ya dube ni, ya ce in kawo wa baƙo ruwa. Wannan rufin asirin ya fi zagi ciwo.

Ranar kasuwa za ni sayo gaiwa mai rai, ko biyar ce, in zuba a jarka in hau kabu-kabu. Na san ba kowa a ƙauyen, na san mai yiwuwa su mutu a hanya. Za ni sake su a tsakiya, in sari ƙaya in ajiye a bakin ruwa.