Shuɗin Fenti a Kan Tsatsa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina bin tsatsa a ƙasar Kontagora. Aikina shi ne in hau babur in zaga ƙauyukan da aka ɗora wa tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, in duba inda fenti ya ɓare da inda tsatsa ta fara ci. Kayan aikina ƙaramar guduma ce, da burushin waya, da alli, sai wata 'yar na'urar auna kaurin fenti da ke aiki ranar da ta ga dama. Matata takan ce ni kaɗai ta sani da ke sammako don ya je ya kalli ƙarfe yana lalacewa.

Akwai wani ƙauye bayan Ibeto da tankinsa ya hana ni sukuni. A ƙarƙashinsa aka jera famfunan, don haka duk matar da ta zo ɗiban ruwa a gindinsa take tsayawa, da goyonta, ga tanki cike a bisa kanta. Ruwan da ke zuba kuwa a gindin ƙafar gabas yake kwanciya. Da na ƙwanƙwasa ƙafar, sai ta amsa kamar tsohuwar garwa. Sau uku ina rubuta rahoto, sau uku ogana yana cewa na cika zuzuta abu. A na huɗu ya ce to, zai zo ya gani da idonsa.

Murna ce ta sa ni kuskure. Na je na kewaye kowane tabon tsatsa da alli, sannan na gaya wa mai unguwa, wani dattijo Bakambare da bai taɓa bari na bar garin da yunwa ba, cewa ranar Alhamis babban injiniya zai zo ganin tankinsu. Ganin tanki kawai na ce. Ban gaya masa abin da nake so a gani ba.

Ranar Alhamis, tun daga kwanar shiga gari na hango tankin yana ƙyalli. Shuɗin fenti ne tun daga sama har ƙasa. Ashe kwana biyu matasan coci da na masallaci suka yi a kansa, ba wanda ya kankare ko'ina, sun dai bi tsatsar da allina sun lulluɓe. Inda na yi alama ma sun fi lafta masa, tunda a ganinsu nan ne na nuna musu ya fi muni. An share fili, an yayyafa ruwa, ana daka sakwara a gindin mangwaro.

Mai unguwa ya matso kusa da ni yana fara'a. "Ɗana, ka ga ba mu ba ka kunya ba. Baƙo ba zai zo ya same mu da datti ba."

Oga ya zaga tankin sau ɗaya, hannu a aljihu. "Malam, wannan ne zai faɗi? Ai ya fi na ofishinmu kyau." Ya ɗauki hoto da wayarsa, ya nufi inda ƙanshin miya ke fitowa.

Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni, don na san da zuciya ɗaya suka yi. Amma na san in mutumin nan ya shiga mota a haka, tankin zai ƙara damina a tsaye, ga mata har sun fara jera bokitai a ƙarƙashinsa. Na roƙe su su ja da baya. Na durƙusa a gindin ƙafar gabas, na ɗaga guduma na buga sau ɗaya. Kan gudumar ya shige ciki gaba ɗaya. Da na zaro ta, jan gari ya zubo a kan sabon fentin, har kan takalmin oga da ya dawo da gudu.

A ranar oga ya sa aka juye ruwan tankin, bai ko taɓa sakwarar ba. Kafin saukar damina masu walda suka zo daga Kontagora suka canza ƙafafun.

Da zan tafi a ranar Alhamis ɗin, mai unguwa ya raka ni har wurin babur. Ya ce, "Aikinka ka yi, ɗana. Amma da ka bari baƙon ya ci abinci ya tafi tukuna."

Na ci gaba da zuwa duba tankin har dattijon ya rasu. Duk zuwana yakan aiko mini da ruwan tankin a kwanon sha, mai sanyi, amma bai ƙara fitowa ya tarbe ni ba.