Kujerar Gaba a Motar Yallaɓai

Shekarar da kuɗin haya ya kore ni daga cikin gari na koma Bwari, ina koyar da darasin tattalin arziki a wata sakandare mai zaman kanta da ke gefen Maitama. Makarantar tana da wata doka wadda ko mai gadi ya haddace ta. Da ƙarfe takwas saura kwata mataimakin shugaba yakan ɗauko rula da jan biro, ya ja layi a rajistar malamai. Duk wanda sunansa ya faɗa ƙarƙashin layin sau uku a shekarar karatu ɗaya, takardar sallama ce rabonsa, ba sai an yi zama ba. Ni da bakina na taɓa yabon wannan doka a ɗakin malamai, na ce ita ce ta raba makarantar kuɗi da ta gwamnati. A lokacin mota ɗaya nake shiga in iso. Ban cika wata guda a Bwari ba na faɗa ƙarƙashin layin sau biyu.

A masallacin unguwarmu na koka wa wani dattijo bayan sallar asuba. Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ritayarsa ta kusa, kowa Yallaɓai yake ce masa. Yana da wata tsohuwar mota mai tari kafin ta tashi. Ya ce in tsaya a bakin titi gobe da ƙarfe shida.

Yallaɓai yana ɗaukar mutane kullum, amma ka kuskura ka ce kabu-kabu yake yi, ka yi abokin gaba. Shi a faɗarsa rage wa bayin Allah hanya yake yi. Saboda haka ba a miƙa masa kuɗi a hannu, ba a kuma tambayarsa nawa ne. Akwai ɗan akwati mai murfi a tsakanin kujerun gaba. Idan mutum zai sauka, sai ya ninke abin da ya kawo, ya jefa ciki, ya ce, “Ga na mai,” Yallaɓai kuwa ya kau da kai yana duba madubi kamar wata babbar mota ce ke shirin hawa kansa. Ranar farko wata ma'aikaciyar jinya da ke baya ta raɗa mini abin da ake sawa, na riƙe shi kamar karatu.

Ita ce muke kira Sista, a asibitin gwamnati take aiki. Kusa da ita akwai wani ɗan kasuwa mai sayar da wayoyi a Wuse, mutumin kudu, muna ce masa Oga. Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. Gurbi na uku a baya ba shi da mai shi, wanda aka samu a hanya shi ne. Ni aka ba ni gaba, kujerar da ake kira ta mai zaman banza, don ƙafafuna dogaye ne.

Ba mu yi kwana uku ba Yallaɓai ya tambaye ni me nake koya wa 'ya'yan mutane. Na ce ina koya musu cewa kasuwa ta fi gwamnati iya raba arziki, idan aka sakar mata mara. Ya yi salati, ya rage wuta.

“Farfesa,” in ji shi, kuma sunan da ya bi ni ke nan, “ni da kake gani gwamnati ce ta ɗauko ni daga bayan awaki. Ta ba ni littafi, ta ba ni sabulu, ta ba ni kuɗin motar zuwa hutu. Uban wa zai yi mini wannan a kasuwa?”

Na ce, “Yallaɓai, a zamanin da aka ba ku sabulu, shekara nawa mutum yake yi yana jiran a ja masa wayar tarho? Yau ga Oga nan, ya sa waya a hannun mai tallar nono.”

“Gaskiya ne,” in ji Oga, “har da caja.”

Haka muka riƙa yi kowace safiya, daga Bwari har mu gangara babban titi. Ni in lissafa masa masaƙu da kamfanonin gwamnati da suka zama gidan jemagu. Shi ya nuna mini gada ya ce wane attajiri ne zai fasa duwatsu ya gina birni a dajin da ba mai sayen ko tsinke. Na karanta littattafai, shi ya karanta fayil, kuma kowannenmu yana ganin ɗan'uwansa ya karanta abin da bai dace ba. Wata rana ya ce, “Makarantar nan da kake koyarwa, albashinka zai iya sa ɗanka a ciki?” Ban sake magana ba daga Dutse har Dawaki. Sista ta ce a rubuta ranar. Duk wannan lokacin ban ƙara ganin jan layi ba sai daga samansa.

Ana cikin zango na uku aka janye tallafin man fetur. Na shiga mota da safe ina ta bayani, na ce magani ne mai ɗaci amma dole a sha. Sista ta ce, “Malam, mu da muke ba da magani mai ɗaci, sai mun tambayi mara lafiya ko ya ci abinci.” Na ce wannan tausayi ne, ba ilimi ba.

Cikin 'yan kwanaki titi ya canja. Masu motoci da yawa suka jingine su a gida. Bakin hanya ya cika da mutane tun duku-duku, kuɗin mota ya tashi ya bar albashi a ƙasa yana kallo. Na tambayi Yallaɓai a kaikaice ko akwai gyara a maganar mai, ya ce, “Abin da ya sawwaƙa.” Na ƙara ɗan abin da aljihuna ya yarda, wanda ba shi da yawa. Da na ga kwanaki sun wuce bai ce komai ba, sai na gamsar da kaina da abin da nake rubuta wa yara a allo, cewa idan mai saye ya biya, mai sayarwa bai yi ƙorafi ba, to farashi ya zauna inda ya kamata.

Wata Laraba muna tsaye muna ɗaukar mutumin gurbi na uku, sai ga wani cikin baƙar kwat, da jakar lauyoyi a hannu, yana haki. Ya leƙo ta tagata ya ce yana da shari'a da safe, zai biya kuɗin mota gaba ɗaya idan za a ba shi gaba. Yallaɓai ya ce, “Yi haƙuri, kujerar da mai ita.” Muka wuce.

Mai hankali godiya zai yi ya yi shiru. Ni kuwa na ga hujja ta faɗo mini daga sama.

Na ce, “Yallaɓai, ka ga irin aikin gwamnati ke nan. Ga wanda ya fi kowa buƙatar kujera, ya nuna da kuɗinsa, ka hana shi saboda sanayya. Da kasuwa ce ke tuƙa motar nan, shi za a ɗauka.”

“Kai kuma fa?” in ji Sista.

“Ni ina biyan farashina.”

Oga ya fashe da dariya har yana dukan bayan kujerata. “Malam, wane farashi? Mota ba ya shan Turanci, mai yake sha. Kuɗin da kake sawa ko Dutse ba zai kai ka ba. Ni da Sista ne muke cika sauran. Gwamnati ya cire tallafi, mu ba mu cire naka ba.”

“Oga!” in ji Sista. Yallaɓai ya shiga duba madubi.

Baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Ashe tun makon da aka janye tallafin su uku suka yi shawara a bayan idona. Sun san maganar jan layi, don ni na ba su labari ina alfahari da tsarin makarantarmu. Sun san saura ɗaya. Yallaɓai ya ce zai ɗauki nauyin rabi, su biyun suka ce ba za a bar shi shi kaɗai ba. Akwatin mai murfi ne, ba mai ganin abin da wani ya jefa.

Da zan sauka na ce na gode, amma daga gobe kada a tsaya mini. Na ce ba zan tsaya gaban yara ina zagin tallafi ba alhali a kansa nake zuwa aji. Na jefa nawa a akwati, na sauka.

Washegari na ƙi zuwa masallacin unguwa, na yi salla a gida, na tafi wata mahaɗa da ke gaba da inda suke ɗaukata. An kwana ana ruwa, sararin sama bai gama washewa ba. Na tsaya na miƙa kaina ga kasuwa. Kasuwa ta zo ta wuce sau da yawa, cike. Wadda ta tsaya, kafin in kai hannu ga ƙofa samari sun riga ni, ɗaya har ta taga. Wani direba ya faɗi kuɗinsa, na ce a rage, ya dube ni da tausayi ya ja motarsa. Babu abin da ya yi wanda ban koyar ba. Shida ta wuce, shida da kwata ta wuce. Na fara tunanin yadda zan gaya wa matata, da kuma wace makaranta ce ke ɗaukar malami a ƙarshen shekara. Ana cewa girman kai rawanin tsiya, ni dai ranar na ji yadda yake zama a ka.

Shida da rabi ta ɗan gota sai na ji tarin da na sani. Motar ta tsaya a gabana, kujerar gaba ba kowa. Yallaɓai ya sauke gilashi.

“Gwamnati ta iso, Farfesa. A makare, kamar yadda ta saba. Za ka shiga ko sai an kafa kwamiti?”

Na shiga, na ja ƙofa. Sista ce ta gaya mini sun jira a wurin da aka saba, suka aika gidana, sannan suka biyo titi a hankali suna duba fuskoki. Ita ma akwai wadda za ta karɓi aiki daga hannunta a asibiti, ta riga ta buga waya ta ba da haƙuri.

Wani direba da ke dawowa ya yi mana alama da hannu cewa gaba a cushe take, goslo tun daga Dutse. Yallaɓai ya ce sai dai addu'a. Oga ya ce, “Addu'a yana da kyau, amma juya.” Akwai wata hanyar baya da yake bi idan zai kai kaya, wadda ke ɓullewa ta Mpape. Yallaɓai ya ce wannan ba hanya ba ce, ba ta cikin tsarin birni. Oga ya ce shi ya sa ba kowa a kai. Muka bi ta cikin taɓo da ramuka, muka jira garken shanu ya tsallaka, muka bi bayan tifofin da ke ɗauko dutse. Motar ta daki ƙasa sau biyu, kowane duka Yallaɓai ya ce “Innalillahi” kamar a jikinsa ne.

Na shiga ofis da gudu, wandona duk jar laka. Mataimakin shugaba ya riga ya ɗora rula a kan rajista, ya cire murfin biro. Ya dubi agogo, ya dube ni, ya ɗaga rular kaɗan. Na rubuta sunana, ya ja layinsa a ƙarƙashi, har jan ya taɓa wutsiyar sa hannuna.

Da safe na gaba na zo da jawabin godiya da na shirya, ba su bar ni na kai rabi ba. Sabuwar gardama ta riga ta tashi, kuma ni ne abin gardamar. Yallaɓai ya ce abin da aka yi mini shi ne ainihin aikin hukuma, a karɓa daga mai hali a tallafi mai rauni. Oga ya ce sam, ciniki ne. Shi yana biya ne don idan ba Farfesa a gaba, Yallaɓai gyangyaɗi yake yi a kan sitiyari, kuma ransa ya fi ƙarin da yake sawa tsada. Sista ta ce su duka biyun su ji tsoron Allah, maƙwabtaka ce kawai. Aka juyo gare ni a matsayin masani. Na ce ina kan bincike.

Na ƙare shekarar da jan layi biyu, kuma har yau ina makarantar. Da aka yi mana ƙarin albashi na fara jefa cikakken rabona a akwati, ko da yake ba ni da hanyar sanin ko cikakken ne, don har Yallaɓai ya yi ritaya ba wanda ya faɗa mini adadi. Ban canja ra'ayi a kan masaƙun da suka mutu ba, shi ma bai canja a kan gadoji ba. Yanzu yana noman masara a wajen Sheda. Kwanan baya na kira shi in gaishe shi, na tarar yana faɗa, wai takin gwamnati bai iso ba har shuka ta kai gwiwa, dole ya je kasuwa ya saya.

Na ce, “Yallaɓai, in yi magana?”

Ya ce, “Ka yi shiru, Farfesa. Da gwamnatin ba ta zo ko a makare ba ranar nan, da yanzu kana ina?”